Amsar Ƙararrawa ta Huɗu

Ranar da babbar mota ta dawo da ƙararrawoyi shida na cocin Brendacott, garin kaf ya fita bakin titi tarba, har da waɗanda rabonsu da shiga coci tun ranar aurensu. Hedley Yeo ne kaɗai bai je ba, shi da ya shekara hamsin da ɗaya yana riƙe da makullin hasumiya. Yana tsaye a kicin ɗinsa, ya ɗora bayan hannu a jikin butar shayi. Da ɗumi, alhali rabonsa da kunna murhu tun jiya da yamma.

"Sun iso, Dorcas," in ji shi.

Ba wanda ya amsa, kuma dama bai sa ran amsa ba. Watan matar tasa goma sha huɗu a ƙasa. Amma tun washegarin jana'iza, duk safiya idan ya sauko sai ya tarar da butar nan da ɗumi, matashin kujerarta kuma a lotse kamar yanzu aka tashi daga kai. Bai gaya wa kowa ba. Hedley ba mutumin da zai kai wa Rabaran labarin buta ba ne, balle likita. Tsoro ma bai ji ba, don ya san dalili, kuma duk ɗan Brendacott da ya ji zai gane: ba a kaɗa mata ba.

A garinmu idan mai kaɗa ƙararrawa ya mutu, binnewa kaɗai ba ta wadatar. Sai an hau sama an ɗaura wa harshen kowace ƙararrawa fata a kumatu ɗaya, sannan a kaɗa. Kowace ƙararrawa sau biyu take magana, ɗaya idan ta juya gaba, ɗaya idan ta dawo. To da fatar nan, zagaye ɗaya sai ya fito tar, na biye da shi kuma ya fito a dushe kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Na farkon muna ce masa kira, na biyun amsa. Masu rai ke kira, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya su amsa, idan an gama sai mamacin ya bi su. Limaman coci sun zo sun tafi, wasu sun yi wa'azi a kan abin, wasu sun yi dariya, amma ba wanda ya iya hanawa.

Dorcas ta yi rashin sa'ar lokaci. An sauke ƙararrawoyin an kai maƙera saboda katakon da ke riƙe da su ya ruɓe, ba a yi wata uku ba ciwo ya kwantar da ita. Matar da ta shekara arba'in da biyu tana jan igiyar ƙararrawa ta Huɗu, aka binne ta hasumiya fayau, ba abin da ake ji a maƙabarta sai kukan hankaki. A asibiti, ana saura kwana biyu ta rasu, ta kama hannunsa.

"Kai za ka ɗaura mini fatar, ka ji ko? Kada ka bar wa abokin nan naka Snell. Ɗaurin buhun dankali yake yi."

"Ki bar wannan maganar."

"Hedley Yeo, na ce ka ji?"

"Na ji."

"To zan jira. Ai na saba."

Ta saba kuwa. Duk Lahadin duniya ita ke riga shi shiryawa. Sai ta sauko masa da baƙar kwat ɗinsa ta shimfiɗa a kan kujerar da ke bakin ƙofar gaba, ta ɗora hula a kai, ta jera takalma a ƙasa, sannan ta tsaya da hannu a kan sakata tana cewa, "Kai nake jira." Shi kuwa yana can yana neman tabarau da ke kan goshinsa. Tun ranar jana'iza kwat ɗin tana rataye a cikin kabad a bene. Bai sake sa ta ba, don ba mai fito masa da ita.

Alkawari dai ya ɗauka, kuma ga lokacin cikawa ya zo. Sai dai gaskiyar magana, Hedley ba ya so. Idan aka kaɗa, Dorcas za ta amsa ta tafi, butar ta yi sanyi, shi kuma ya zauna da agogon bango su biyu. Wata goma sha huɗu yana addu'ar maƙeran nan su yi ta nawa, kuma sun yi iya ƙoƙarinsu, amma komai nawarsu ga shi sun gama.

Mai rataye ƙararrawoyin wani ɗan arewacin ƙasar ne, Mista Prosser, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya rabuwa da alli a bayan kunne. Sati uku ya yi yana aikin da mutanensa. Suka buɗe ƙofofin da ke tsakiyar kowane bene, suka riƙa jan ƙararrawoyin sama da sarƙa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, suna ɗora su a kan sabon girke na ƙarfe da zai riƙe su a madadin katakon. Hedley ya ce ba zai leƙa ba. Kwana biyu ya iya daurewa, a na uku sai ga shi ya hau matakala sittin da takwas yana haki, ya zo ya tsaya a kansu yana kushe komai.

"Ƙarfe," in ji shi, yana ƙwanƙwasa girken da makulli. "Katakon da kuka cire shekararsa ɗari uku."

"Shi ya sa na tura yatsana ya shige, Mista Yeo."

"Wannan kuma fa? Me kuka yi wa ta Huɗu?"

Ya zura hannu cikin bakinta yana laluben wurin da harshe ya daɗe yana bugawa, wani ɗan lotsi mai santsi da ya sani kamar tafin hannunsa. Ya same shi, amma ba inda ya saba ba.

"Mun juya ta kwata," in ji Prosser. "Dukkansu mun juya. Idan harshe ya ci gaba da cin wuri ɗaya, wata rana tsagewa za ta yi. Yanzu sabon wuri zai buga."

Hedley ya zare hannunsa. Rabin lotsin nan hannun Dorcas ne ya yi shi, ga shi an mayar da shi gefe inda ba abin da zai sake taɓa shi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har kunnensa ya toshe. Daidai lokacin ne kuwa Prosser ya ga dama ya yi masa bayanin babbar, ta Shida, wadda muke kira Tsohuwa, wadda Hedley ke ja tun yana saurayi.

"Ka kula da wannan, Mista Yeo. Sauran biyar suna nan yadda ka san su. Amma Tsohuwa ba ta sami wuri ba sai da na mayar da gargarenta, wilin da igiya ke juya ta da shi, ɗaya gefen, igiyarta yanzu ta wancan ɓangaren take sauka. Duk ranar da za ka ɗaura fata, igiya za ka bi, ba bango ba."

"Ina ɗaura fata tun ba a yaye ka ba."

"Na sani. Na dai ce in faɗa."

"To ka faɗa."

Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Kowa a garin ya san taurin kan Hedley. Abin da ba a sani ba shi ne idonsa ya fara tafiya tun bara, a wuri mai duhu hannunsa ne ke yi masa gani, kuma ya gwammace ya faɗo daga hasumiya da ya faɗi haka da bakinsa.

Da aikin ya ƙare, Prosser ya gwada su ɗaya-ɗaya, ya ce sun yi. Aka sa ranar Lahadi don bikin buɗewa, Bishop zai zo. Ranar Laraba da hantsi Verity Cleave ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. 'Yar wan Dorcas ce, ita ce kyaftin ɗin masu kaɗawa yanzu, mai igiyar ta Ɗaya. Ta taho da Percy Snell, makiyayin tumaki, mai ta Biyar, wanda suke zagin juna da Hedley tun suna makarantar firamare.

"Kawu Hedley, Asabar da ƙarfe uku," in ji Verity tun kafin ta zauna. "Ka san ba a kaɗa na murna kafin a sallami mamaci. Bishop kuma Lahadi."

"Fatun sun bushe. Sai na shafa musu mai."

"Shafa yau."

"Igiyoyin sababbi ne, ba su gama miƙewa ba."

"Ka ji shi ko?" in ji Snell. "Gobe zai ce hasumiyar ce ta karkace. Kai tsoho, in ƙafar ce ta gaza ka faɗa, ni in hau in ɗaura."

"Kai? Ta ce ko gawarta kada a bari ka ɗaure."

"Allah ya jiƙanta, har a gadon asibiti ba ta bar ni na huta ba."

Snell ya ja kujera zai zauna, sai Hedley ya daka masa tsawa, "Ba nan ba!" Kujerar Dorcas ce. Snell ya tsaya da gindi a sama, ya dubi matashin, ya dubi abokinsa, sannan ya koma kan benci a hankali. Verity ta tashi za ta haɗa shayi, ta taɓa butar, ta ce, "Af, ashe ka riga ka dafa."

Da za su tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta rage murya. "Kawu, ba kyau a bar ta haka. Ta jira da yawa."

"Na sani," in ji shi. "Asabar ɗin."

Ranar Asabar aka wayi gari da yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya kai gida. Da tsakar rana Hedley ya ɗauki fatu biyar a aljihun rigar aikinsa ya nufi coci. Biyar ne don ba a ɗaura wa ƙararrawar mamacin. Ita ana barin ta a rataye baki ƙasa, a naɗe igiyarta sama, a bar gurbinta a cikin zagaye ba kowa. Verity ta ce za ta bi shi ta riƙe masa tocila, ya ce shi ba jinjiri ba ne. Ta san shi, sai ta ƙyale.

Ɗakin ƙararrawa ko da rana tsaka ba shi da haske, balle ranar hadari. Ya shiga tsakaninsu da rarrafe, ƙarfen sabon girken yana ƙona masa tafin hannu don sanyi, ga warin fenti maimakon warin tsohon katako da kashin tantabara. Ido dai bai taimake shi da komai ba, amma bai damu ba. Mahaifinsa ya koya masa tun yana ɗan shekara ashirin da uku: fata ta kalli tagar da ke duban tudu. Haka ya yi wa ta Ɗaya, ta Biyu, ta Uku, ta Biyar, yana jan maɗaurin da ƙarfi har sai ya ji fatar ta zauna a kumatun harshe ba motsi. Ya zo kan Tsohuwa, ya shiga ƙarƙashinta, ya laluba inda iskar tagar tudu ke shigowa, ya ɗaura mata a nan kamar kullum. Igiyarta na nan a ɗaya gefen, ta ma goge shi a kafaɗa da zai fito, ya ture ta.

A wurin ta Huɗu ya daɗe. Ya sake neman lotsin nan ya ɗora yatsu uku a ciki.

"Ba don na yi alkawari ba, da ba zan yi ba," in ji shi. "Gara ki sani."

Iska ce kawai ke shigowa ta tagogi. Ya sauko a hankali yana dafa bango.

Ƙarfe uku saura kaɗan mutum biyar suka tsaya a da'ira a ɗakin igiyoyi: Verity, da 'yan'uwan nan biyu na gidan Maddaford a kan ta Biyu da ta Uku, da Snell, da Hedley a kan akwatin da yake takawa don igiyar Tsohuwa. Igiyar ta Huɗu tana naɗe a sama, tabarmar ƙarƙashinta ba kowa. A waje mutanen gari sun taru a maƙabarta da laimomi, Prosser ma ya ƙi tafiya gida sai ya ji aikinsa.

Verity ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba sai ta tuna musu ba, amma ta faɗa, don haka ake yi: "Daga bugun farko har a sauke su baki ƙasa, ba tsayawa. Wanda ya tsaya ya bar ta a hanya." Sannan ta kama igiya. "Ku kula. Ta ɗaga. Ta tafi."

A farkon tashi ba a gane komai. Ƙararrawoyin suna lilo kaɗan-kaɗan, sauti a cakuɗe, kowa na ƙara wa igiya tsawo har tasa ta miƙe baki sama. Hedley ya ji nauyin Tsohuwa ya dawo hannunsa bayan kusan shekara biyu, ta fi da santsi, abin da ko a bakin mutuwa ba zai gaya wa Prosser ba. Suka tashi gaba ɗaya, zagaye ya buɗe, kira ya rabu da amsa.

Kira ya fito tar: Ɗaya, Biyu, Uku, shiru, Biyar. Inda Tsohuwa za ta rufe da rurinta, sai aka ji dum, a dushe.

Amsa ta biyo, can ƙasa-ƙasa: Ɗaya, Biyu, Uku, shiru, Biyar. Sai Tsohuwa ta buɗe murya gaba ɗaya, har ƙura ta zubo daga rufi.

Nan take Hedley ya gane. Sai yanzu ya ji muryar Prosser sarai, igiya za ka bi, ba bango ba. Ya ɗaura fatar a kumatun da ba shi ba. Ƙararrawarsa ta yi shiru cikin masu rai, tana magana da ƙarfi cikin matattu, kuma duk Brendacott na tsaye a waje suna ji. Kowa ya san igiyar wa ke nan.

Ƙaramin Maddaford ya kusa sakin igiyarsa. Snell ya yi magana ta gefen baki, idonsa a kan igiya: "Kai, me ka aikata?"

"Ja igiyarka."

"Hedley, ka ji inda take amsawa kuwa?"

"Ba kurma ba ne ni. Ja igiyarka."

Verity tana kallonsa daga ɗaya gefen da'irar, fuskarta ba jini. Ya ga tana son ta ce a tsaya. Ya girgiza mata kai sau ɗaya. Idan aka tsaya a gyara, an bar Dorcas a hanya, kuma ba a sake farawa. Kunya ta ishe shi, shekara hamsin da ɗaya bai taɓa kuskuren fata ba sai a ranar matarsa. Amma kunya ba ta kai a tsaya ba.

"Ci gaba," in ji shi da ƙarfi.

Verity ta fara kiran sauyi. A irin wannan kaɗawa ana kiran lambar mamaci kamar yana tsaye, gurbinsa ya riƙa tafiya cikin zagaye, sauran su ba shi hanya. "Biyu bi Uku." Suka sauya. "Huɗu bi Biyar." Snell ya gaggauta tasa, gurbin ya koma bayansa. Yanzu shirun Dorcas yana daf da Tsohuwa, ba kowa a tsakaninsu.

Shekara arba'in da biyu, duk lokacin da aka yi wannan kiran, igiyarta yake kallo. Tana da wata 'yar ɗabi'a ta jinkirta kaɗan a dawowa, shi kuma ya saba ba ta wannan ɗan sararin. Hannunsa ya ba ta yanzu ma ba tare da ya sa shi ba. A kira, gurbin fayau yake. A amsa ya jira, ya ja.

Zagaye na uku ne ya ji ta.

Siririyar murya ce, a dushe kamar sauran, daidai a gurbin, da ɗan jinkirin nan nata. Ya ɗaga kai. Igiyar ta Huɗu tana naɗe inda aka bar ta, ko motsi ba ta yi. Ƙararrawar tana can sama baki ƙasa, ba fata a harshenta, shi ya sani don da hannunsa ya taɓa. Kira ya zo, shiru. Amsa ta zo, ga ta nan kuma, Tsohuwa ta bi bayanta da cikakkiyar murya.

Tsigar jikinsa ta tashi tun daga wuya har gadon baya. Ya ce a ransa kunnen tsufa ne. Sai ya dubi Snell, ya ga leɓensa na motsi yana ƙirga, ya ga ya kai shida ya tsaya, ya sake farawa, ya sake kai shida. Gumi na zuba daga haɓar Snell, kuma tunda Hedley ya san shi, ranar ce ta farko da ya gan shi ba shi da abin faɗa.

Bisa ƙa'ida zagaye shida ake yi a sauya. Verity ta buɗe baki, kiran ya ƙi fitowa. Ta bar su a haka, Huɗu a gaban Shida, zagaye ashirin, talatin, ba wanda ya ƙirga. Tsoron Hedley ya kwanta a hankali. Abin da ya maye gurbinsa daɗi ne, irin wanda rabonsa da shi tun kafin asibiti. Tana bugawa yana bi, tana bugawa yana bi, kamar kowace Lahadi. Hawaye na gangaro masa, hannu biyu kuma suna kan igiya, ba halin sharewa.

Daga ƙarshe Verity ta samo muryarta. "Biyar bi Huɗu," ta ce. Gurbin ya koma wurinsa, Snell ya shiga tsakani. Hedley ya kasa kunne a amsa ta gaba. Ɗaya, Uku, Biyu, shiru, Biyar. Ya sake saurare. Shiru ne kawai, irin na kowa. Suka dawo da zagaye daidai, suka sauke ƙararrawoyin a hankali har suka yi tsit.

'Yan Maddaford suka ɗauki rigunansu suka sauka ba sallama. Verity ta hau sama kwance fatu, ta daɗe, sannan ta dawo da biyar a hannu ta ajiye a kan benci kusa da shi.

"Kuskure ne kawai, Kawu. Gargaren aka juya. Kowa zai iya yi."

"Kin taɓa ta Huɗu?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ya sake tambaya.

"Tana gunji," in ji ta. "Na ɗora hannu, tagullar tana rawa har cikin ƙashina. Sauran duk sun yi shiru, ita ba ta daina ba."

A ƙofar coci Prosser ya tare su, hula a hannu. Ya ce laifinsa ne, da ya sani da ya zana alama da alli a harshen. Da Verity ta gaya masa zancen gunjin, ya ce ai girken ƙarfe haka yake, idan maƙwabta na kaɗawa wadda ke zaune takan ɗauka. Hedley ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Mutanen da ke maƙabarta suka buɗa masa hanya fiye da yadda ake bukata, wata tsohuwa ta kawar da kai da ya zo wucewa. Snell ya raka shi har bakin shinge, ya kama hannun rigarsa.

"Zo mu je wajena. Akwai naman rago a tukunya."

"Naman naka da sai an sa zarto?"

"Hedley, ba wasa nake yi ba."

"Na sani, Percy. Je ka ga tumakinka."

Verity ta ce za ta kawo masa abinci da ƙarfe shida. Ya ce to.

Da sauran haske ya isa gida. Ya shiga ta ƙofar baya kamar kullum, ya rataye rigar aikinsa a ƙusa, ya tsaya a tsakiyar kicin yana jin tsoron miƙa hannu. Daga baya ya miƙa. Butar ta yi sanyi ƙalau, sanyin ƙarfen da ba a taɓa ba. Matashin kujerarta ya cika ya yi tsaf, ba lotsi. Agogon bango na ta bugawa.

Ya cika alkawari, ta tafi. Ya dafa tebur da hannu biyu ya yi kuka mai sauti, wanda bai yi ba ko a bakin kabari. Da ya gaji ya share fuska da tawul ɗin kwanuka, abin da da tana nan da ya sha faɗa, ya nufi hanyar bene don ya ɗan kishingiɗa kafin Verity ta zo.

A ƙasan matakala ya tsaya. Iska mai sanyi na shigowa ta ƙofar gaba, wadda rabonsa da buɗe ta tun ranar da aka fita da akwatin gawa. An ɗaga sakatar, ƙofar a ɗan buɗe. A kan kujerar da ke gefenta ga baƙar kwat ɗinsa a shimfiɗe, an kakkaɓe ta, hula a kai. Takalmansa na Lahadi suna jere a ƙasa, bakinsu na kallon waje.

Ya daɗe yana kallo. Ya tuna inda Tsohuwa ta amsa yau, cikin matattu, a gaban kowa, da cikakkiyar murya. Ya laluba goshinsa, ya sauko da tabarau ya sa.

"Ke dai ba ki da haƙuri," in ji shi. "Ga ni nan."

Ya ɗauke kwat ɗin ya ɗora a cinya, ya zauna a kujerar, ya sunkuya ya fara ɗaura igiyar takalmi.